Zif a Ƙarƙashin Kujera

Mijin 'yata, wanda duk layinmu ke kira Mai Zif, ban taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma abin da ya fara sa ni zarginsa ke nan. Ni a cikin masu sana'ar hannu na tsufa. Mijina mai yin kujerun kushin ne, ƙanena tela, maƙwabcinmu makanike. Na san yadda "gobe" take a bakinsu, na san "saura kaɗan" tana iya cin wata guda. To a ce ga mutum yana riƙe da guduma, kuma in ya ce Talata, Talatar ce? Haba. Na ce a raina akwai dai inda yake fanshewa.

Shagon da yake ciki na mijina ne. Dattijo ake kiran marigayin, don dattijon coci ne tun gashinsa bai yi fari ba. Shago ne mai ɗaki biyu. A na gaba ake harhaɗa katako, nan keken ɗinki yake, nan ake yanka yadi. Na baya kuwa nan ake cusa wa kujera cikinta, kuma Dattijo shi kaɗai yake shiga ya ja ƙofa, ya ce sirrin sana'a ne. Kujerarsa ta yi suna da nauyi. Sai ƙarti sun yi nishi kafin su ɗora doguwa ɗaya a mota, mai saye kuwa yana tsaye yana murmushi, yana cewa lallai an zuba kaya.

Mai Zif da gemunsa ya zo koyon aiki. Dako yake yi a tasha, wata rana ya kawo wa Dattijo katako a kura, ya sauke, ya tsaya yana kallon yadda ake ja wa kujera yadi har ya manta da kurarsa a bakin titi. Dattijo ya ce in yana so ya dawo. Ya dawo, bai sake tafiya ba. A cocinmu aka yi masa baftisma, Dattijo ne ya tsaya masa. Shiru-shiru ne, ga manyan hannuwa, in yana cin abinci sai ka rantse tsoron cokali yake. Da ya ce yana son Auta, ƙaramar 'yata, na ce wa Dattijo mutumin da ba ya magana ba ka san abin da ya haɗiye ba. Dattijo ya yi dariya ya ce ni ko mala'ika aka aiko sai na duba aljihunsa. Aka yi aure, ga jikoki nan sun cika mini gida da ƙiriniya.

Da Dattijo ya rasu makullin shago ya dawo hannuna. Babban ɗana, Direba, yana kan hanya da tirela, ya ce shi ba zai iya zaman ƙusa ba. Sai na miƙa wa Mai Zif, na ce aro ne, ranar da na ga dama zan karɓi abina. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "To, Mama."

Daga nan na fara ganin salo. Da safe zai buɗe shago, ya tsaya ya yi addu'a ba tare da ya ɗaga murya ba, ya share har gaban shagon maƙwabci. In aiki ya yi masa yawa sai ya nuna wa mai kaya shagon abokin hamayyarsa da ke tsallake, wai shi ba zai gama a kan lokaci ba. Na ce masa ya rubuta wata kalma ta ibada a allon shago, 'yan coci su san nasu ne. Ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, sunan Yesu ya fi ƙarfin talla. In aikin bai faɗa ba, allo ba zai faɗa ba." Ka ji fa! Ni da na yi shekaru a gaban zumuntar mata, ni ɗan dako zai koya wa girman sunan Yesu.

Sai kuma zif ɗin. Ba a daɗe da binne Dattijo ba ya fara sa wa kowace kujera dogon zif a ƙarƙashi, inda ake rufewa da baƙin yadi a buga ƙusa. In mai kaya ya zo ɗauka, sai ya kifa kujerar, ya zuge, ya ce, "Sa hannu ka taɓa. Ga soson, ga katakon, ga robar." Wasu su ce ba sai sun duba ba, sun yarda da shi. Ya ce a'a, a duba. Na tambaye shi wannan wane irin iyayi ne. Ya ce Ubangiji yana ganin cikin kujera, to me zai sa mai ita ya zama shi kaɗai ne bai gani ba. Mutane suka mayar da abin wasa. Akwai wanda ya ce a nan yake ɓoye rimot don yara, wata ta ce kyanwarta ta haihu a ciki. Sunan ya bi shi, har Fasto in zai kira shi karɓar baiko sai ya ce Ɗan'uwa Mai Zif.

Ni kuwa ban yi dariya ba. Mai nuna maka hannun dama da yawa, hagun nake kallo.

Ana nan sai Direba ya dawo gida da ciwon baya, likita ya hana shi doguwar tafiya. Ya zauna a gabana ya ce, "Mama, shagon ubana nake so. Zan zuba kayan gyaran mota. Ina da mata da yara, ba zan zauna ina kallon bare yana cin gadona ba." Kalmar bare ta yi mini nauyi, amma ɗana ne, ni na haife shi, ga shi yana tafiya yana dafa bango. Idan kuma na karɓe makullin, Mai Zif ba shi da inda zai kafa ko benci, Auta da yaranta su ne za su ji a jikinsu. Na ce wa Direba ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Gaskiyar magana dalili nake nema, wanda zan riƙe in karɓi makullin ba tare da 'yata ta ce na zalunce ta ba.

Dalilin kuwa da ƙafarsa ya zo. Auta ta shigo wata rana da rana, ta zauna a bakin gado tana wasa da gefen zani.

"Ke lafiya? Ya buge ki ne?"

"Kai, Mama! Shi ko sauro sai ya ba shi haƙuri."

"To mene ne?"

Ta ce duk Laraba ba ya karɓar aiki. Sai ya ɗauki hayar a-kori-kura ya shiga gari, ya dawo da tsofaffin kujeru, ya yi kwanaki a kansu, ya mayar wa masu su, kuma ko sisi ba ya shigowa. Ta tambaye shi, ya ce aikin shago ne. Kujerun kuma duk irin na Baba ne, ta gane su da ƙafafunsu masu lanƙwasa.

"Abin da ya fi damuna, Mama, in zai buɗe su ɗakin baya yake shiga ya sa sakata."

Na ce, "Sakata? Shi mai zif?"

Mutumin da ke aiki ƙofa a wangale, wanda har ƙurar zartonsa sai masu wucewa sun shaƙa, yau shi ne da sakata. Na ji rabi fushi rabi daɗi, don na san hancina bai taɓa yaudarata ba.

Ranar Lahadi bayan sujada na tare matar Hedimasta, tsohuwar ƙawata, wadda na san Dattijo ya yi wa kujerun falo gaba ɗaya. Ban ko gama tambaya ba ta kama yabo.

"Ai surukinki ɗan albarka ne! Ya zo har gida ya ce kujerun shagonsu ne, lokacin duba su ya yi, ba a biya. Ya kwashe, ya dawo da su kamar sababbi, har da zif. Ga laushi, ciwon ƙuguna ma ya ragu. Sai dai kin san wani abu? Sun yi shafal. Doguwar nan da sai an kira ƙarti, yanzu ni da jikata muke jan ta mu yi shara."

Shafal! Na yi mata sallama na kama hanya. To ai ga shi nan. Yana bin gidajen mutane yana kwashe tsohon soson nan mai nauyi, wanda Dattijo ya zuba, irin wanda yanzu ko da kuɗinka ba ka samu, yana cusa musu na zamani mara nauyi. Na Dattijo kuma ya sa a sababbin kujerunsa, ya zuge zif, ya ce sa hannu ka taɓa. Da gumin mijina yake sayen sunan gaskiya! A hanyar gida har magana nake yi ni kaɗai, wani mai keke ya juyo yana kallona.

Na san abin da nake faɗa, don ina da kujerar Dattijo a ɗakina. Mai zaman mutum ɗaya ce, ruwan ƙasa, ya yi mini ita shekarar da na haifi Direba. Tana kusurwa kusa da taga, ba a taɓa matsar da ita ba, kuma har yau ba ta lotsa ba. Duk matar da ta zo gidana daga zumunta sai na zaunar da ita a kai, in ce ta ji aikin mijina. Da yawansu daga kan kujerar nan suka wuce shago suka ba da aiki.

Ranar Alhamis da hantsi na yafa gyale na nufi shago. Ɗakin gaba babu kowa, keken ɗinki a rufe. Daga baya ina jin ƙarar cire ƙusa. Na buga ƙofar da tafin hannu.

"Buɗe! Ni ce."

Sakata ta yi ƙara. Ya fito ya ja ƙofar a bayansa, duk jikinsa fari fat da wata irin ƙura, har gashin ido. Ya durƙusa ya gaishe ni.

"Riƙe gaisuwarka. Me kake yi a ciki?"

"Aiki ne, Mama."

"Na ce wasa ne? Matsa."

Bai matsa ba, bai kuma ce a'a ba. Na ture shi da kafaɗa, ƙaton mutum ya kauce kamar labule. A tsakiyar ɗakin ga doguwar kujera a kife, cikinta a buɗe, an kwashe komai sai katako. A gefe ga sabon soso an yanka an jera. Kusa da ƙofa kuma ga buhuna a ɗaure, cike tam. Na ce a raina ga kayan satar. Na kwance bakin ɗaya na tura hannu.

Ba soso na taɓa ba. Takardun buhun siminti ne a dunƙule, da yagaggen kwali, da tsummoki, da garin katako da ya dunƙule ya yi baƙi. Wari ya bugo ni na yi tari. Sai lissafina ya juya nan take, ya koma mafi muni.

"Au! Ashe abin ya wuce inda nake zato. Wannan sharar kake cusa wa mutane a tsakiya, ka rufe da soso ta inda zif yake? Kai da ke tsayawa gaban coci da faranti? Ina soson Dattijo da ka cire?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mama, ki yi mini kowane hukunci. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki tambaye ni wannan. In kin tambaya zan faɗa, don ba zan yi miki ƙarya ba."

"Barazana kake yi mini?"

"Roƙo ne, Mama."

Wallahi da ya yi musu da ya fi mini sauƙi. Wannan sanyin nasa ya ƙara tunzura ni. Ban sake tambaya ba, ba don roƙonsa ba, sai don a ganina na riga na samu amsa. Na ce ya shirya makullina ranar Asabar. Ya ce, "To, Mama," da irin muryar da ya karɓe shi. Na ja buhu ɗaya na tare mai adaidaita, don ina so in zazzage shi a gaban Auta da Direba da Fasto, kowa ya ga abin da ke bayan zif.

A gida na shimfiɗa tsohuwar tabarma a tsakar gida na juye buhun, ina tona shi da sanda ina tsaki. Sai sandar ta ɗago wani tsumma shuɗi mai zanen fararen tsuntsaye.

Na ajiye sandar na ɗauka da hannu. Labulen ɗakina ne. Ni na saye shi, ni na ɗinke bakinsa da jan zare don shuɗin ya ƙare mini, ga jan zaren nan. Direba yana rarrafe ya ja shi ya faɗa kan fitila, gefe ya ƙone, ga ƙunar nan. Na ba Dattijo na ce ya kai shago a riƙa goge hannu. Lokacin ko Auta ban haifa ba. Mai Zif kuwa yana can wani gari, yaro ne da bai san ma akwai mu a duniya ba.

Na ci gaba da tonawa, yanzu da hannu biyu. Ga hannun rigar makarantar Direba. Ga guntun zanin da na yi goyo da shi. Duk tsumman da na taɓa tarawa a leda na ba mijina, ina jin daɗi ni mace mai tattali, ga su nan sun dawo mini. Takardun simintin ma na wani kamfani ne da aka daina gani tun ina da ƙarfina.

Na zauna a ƙasa. Na ce a'a. Na ce wataƙila sau ɗaya ne, wataƙila lokacin da abubuwa suka yi mana tsanani ne. Sai na tuna buhunan da ke bakin ƙofa, na tuna Larabar da Auta ta ce ba ta da iyaka, na tuna ƙarti suna nishi mai saye yana murmushi. Na tashi na ɗauko wuƙa a kicin na shiga ɗaki.

Na kama kujerata zan kifar, na tattaro ƙarfi, sai ta taho da hannu ɗaya har na kusa faɗuwa. Shafal. Na farke baƙin yadin ƙasa. Soso ne tsantsa, mai kyau, an yanka shi daidai an jera, ko tsinke babu a ciki. Ya ɗan yi ja don tsufa, amma da na danna sai ya dawo.

Da shara na tarar, da na ce iyakar iyawar Dattijo ke nan. Ashe ya iya. Ya san mai kyau, ya yi wa matarsa, ni kuma na zauna a kai shekara da shekaru ina kiran matan zumunta su zo su ji aikin mijina, su je su saya su zauna a kan tsummana. Na yi kuka a ranar, irin wanda ban yi ba ko a jana'izarsa. Ina son mutumin nan har yanzu, kuma na ji haushinsa kamar in tashe shi in tambaye shi.

Da Asabar ta zo Direba ya riga ni zuwa shago, yana tsaye yana auna bango da ido. Mai Zif ya share ko'ina, ya haɗa kayan aikinsa a akwati, makulli yana kan benci. Auta tana gefe idanu sun kumbura, ko kallona ba ta yi.

Na ɗauki makullin. Na ce wa Direba ya yi haƙuri, rumfar da ke gaban gidana ta ishe shi kayan mota, zan sa a yi mata ƙofa. Ya fara faɗa, wai an shanye ni. Na ce ya rufe mini baki, ni na haife shi ba shi ya haife ni ba. Ya fita yana ɗingishi yana ƙunƙuni, har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana. Na ce Auta ta je ta duba yara. Sai ya rage ni da Mai Zif.

Na zaro labulen daga jaka na ajiye a kan benci. Ya dube shi, ya dube ni, ya gane.

"Tun yaushe ka sani?"

"Bayan rasuwarsa, Mama. Aka kawo wata a sake mata yadi, na buɗe."

"Shi ne ka yi shiru, ina zaginka."

"Shi ya koya mini riƙe guduma. Shi ya kai ni gaban Ubangiji. Masu kujeru haƙƙinsu kujera mai kyau ce, ita nake mayar musu. Wanda ya tambaye ni abin da na cire zan faɗa masa. Har yau ba wanda ya tambaya."

"Saura nawa?"

"Waɗanda na sani sun kusa ƙarewa."

Na ce, "Waɗanda ka sani. Akwai na kafin zuwanka, kuma ni na san gidajen, don ni na kai su."

Na miƙa masa makullin. Ya sa hannu biyu zai karɓa, na riƙe ban saki ba.

"Ƙofar bayan nan, ka ci gaba da sa mata sakata. Ban kai inda zan bari a gani ba tukuna."

"To, Mama."

Yanzu duk Laraba ni ce a gaban a-kori-kura, jaka a cinya, ina nuna lungu. In mun isa ni nake sallama, don ni aka sani. Matan sukan rungume ni su ce Allah ya jiƙan Dattijo, mutumin kirki, ga shi ko bayan ransa shagonsa bai manta da su ba. Ina amsawa da amin. Sannan in koma gefe in tsaya, ina jin Mai Zif da direban motar suna nishi a ƙarƙashin kujerar.